Hayaƙin Zaiba a Maƙerar Maigidana

Da sunan Allah nake farawa, Shi ke ba da lafiya, Shi ke karɓar abinsa. Na rubuta wannan don matan maƙera da matan mahaƙa zinariya, da duk wadda mijinta ke rufe ƙofa ya hura wuta a kan abin da ba ta san sunansa ba. Dangin maigidana sun ce tonon asiri nake yi. To, su yi ta cewa. Na rufe musu asirin wata da watanni, ban ga abin da rufewar ta haifa ba sai ƙarin ciwo.

Sunana Mariyama, a tsohon garin Agadas aka haife ni. Dukanci nake yi, jaka da matashi da kube, sana'ar da na tarar da uwata tana yi. Maigidana, wanda nake kira Malam, maƙerin azurfa ne ɗan maƙerin azurfa. Ba don mijina ne ba, duk wanda ya san azurfa a garin nan ya san zanensa. Yakan ja layi a bayan zobe siriri kamar gashi, hannun ko motsi bai yi ba. Da hannun nan muke ci, da shi kuma ake ganin girmansa a unguwa.

Da baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, sai azurfa ta kwanta. Ana cikin haka zinariya ta ɓulla a hamada, gari ya cika da mahaƙa, wasu daga Maraɗi da Damagaram, wasu daga can Zamfara. In sun niƙa dutse sai su zuba masa zaiba, wannan farin ruwa mai nauyi da ke gudu a tafin hannu ba ya jiƙa shi. Zaibar ta tattaro zinariyar, su matse a tsumma, ya zama ɗan dunƙule toka-toka. Sai an ƙona dunƙulen zaibar ke tashi, zinariya ta fito. Yawancinsu a daji suke ƙonawa, amma akwai masu tsoron idon abokan rami. Su waɗannan sai su ƙulle dunƙulensu a bakin wando su shigo gari neman maƙerin da ba ya surutu. Malam kuwa ko ni sai in yi da gaske kafin in ji labarin yini a bakinsa.

Mai zinariya ba ya so a san abin da ya samu. Saboda haka da zarar sun shiga maƙera sai a ja ƙofa, a cusa tsumma a ƴar tagar da ke sama. Malam ya sunkuya a kan garwashi yana kallon dunƙule har ya yi ja. In an gama kuma, don kada a yi asarar wuta, sai su ɗora butar shayi a kan garwashin nan, su zauna a ciki su sha na fari da na biyu da na uku. Shekara biyu ana haka, ni kuwa ina tsakar gida ina gode wa Allah da aka samu abin cefane.

Makon farko abin dariya ma na ɗauke shi. Ya ce miyata tana ɗanɗanon ƙarfe. Na ce shekara ashirin da uku yana shan miyar nan, yau ne ta zama ƙarfe? In ya samu wata mai girki a waje ya faɗa mini kawai. Washegari na sake tukunya, ya ce haka take. Sai na fara tarar da matashinsa a jiƙe da yawu kowace safiya, mutumin da ko atishawa zai yi sai ya ja rawani ya rufe baki.

Mako na uku dasashinsa ya kumbura, yana jini in ya yi asuwaki. Barci ya gudu. Sannan halinsa ya juya. Mutum mai sanyi irin Malam ya jefa mini murfin kwano don na tambaye shi ko zai ƙara tuwo, daga baya kuma ya zauna yana hawaye yana ba ni haƙuri. In aka yi sallama a ƙofar gida sai ya tashi ya shige ɗaki kamar sabuwar amarya. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba.

Hannun ya biyo baya a mako na biyar. Wata mata ta kawo munduwar uwarta a sabunta mata zane. Ina ɗinki na ji shiru ya yi yawa a maƙera, na leƙa. Na same shi ya dafe hannun dama da na hagu, kurfi, ɗan ƙarfen da yake zane da shi, yana rawa a tsakanin yatsunsa, munduwar kuma ta sha wani mummunan karce daga wannan baki zuwa wancan. Ya ɗago ya dube ni. A ranar na san abin da ciwon nan ya zo ɗauka.

Muka tafi asibiti. Wanda bai taɓa bin layi a can ba, Allah ya sa kada ya sani. Tun bayan asuba muka ajiye takalmi a layi, ba a kira mu ba sai da rana ta take. Aka ɗebi jini, aka ce ba palu ba ne, wato zazzaɓin sauro, amma aka rubuta mana ordinans, takardar sayen maganin palu, don ko da wani abu. Aka auna tansiyo, wato hawan jini, lafiya lau. Mako na gaba aka tura mu wurin mai haƙori, ya cire biyu, ya ce rashin tsabta ne. Rashin tsabta! Mutumin da ke asuwaki sau biyar a yini. Kowace zuwa sai farmasi, kowace farmasi sai na fitar da wata fata daga cikin waɗanda na jima don aiki na kai kasuwa.

Amma bari in faɗi laifina tun kafin in faɗi na wasu. Sau ɗaya wani mai farar riga ya tambayi sana'arsa. Malam ya ce maƙerin azurfa ne. Ina zaune a gefensa, na san rabonsa da azurfa sosai an daɗe, na san zinariya yake ƙonawa, na yi gum. An koya mini cewa maganar zinariyar mutane ba ta fita daga maƙera. Har yau in na tuna shirun nan sai in ji kamar in mari kaina.

Daga nan dangi suka karɓe jinyar. Wan maigidana, Yaya Alhasan, shi ne babban gida, shi ma maƙeri ne, kuma ba ya magana sau biyu. Wata gwaggo ta ce sammu ne daga abokan sana'a. Wata ta ce iskokin zinariya ne, don dukiyar ƙasa tana da masu ita. Aka kawo rubutu, aka kawo saiwa, aka kawo turare kala-kala, kowa da nasa, kowa kuma ya rantse nasa ne ya tayar da wani a garin Ingal. Ni dai na ba shi rubutun, don sunan Allah ba ya cutar da kowa. Abin da Yaya ya yanke shi ne ya karya mu. Ya ce maƙeri a gaban uwar maƙerarsa yake warkewa, haka kakanni suka yi. Aka shimfiɗa wa Malam tabarma a cikin maƙerar, aka ja ƙofa, aka mayar da tsumman taga don kada turaren ya fita, ana zuba shi a kan mangal safe da yamma. Kuma kada wanda ya gan shi, domin in gari ya ji hannun ɗan gidan nan yana rawa, sunan gidan ne ya zube.

Mako biyar ya yi a ɗakin nan. Rawar ta tashi daga yatsu ta kama hannu duka, ta hau kafaɗa, har leɓensa. Cokali ya gagare shi, ni nake ba shi a baki, yana kau da kai don kunya. Ni kaina duk sanda na fito daga ɗakin sai kaina ya yi nauyi. Na faɗa wa Yaya, ya ce alamar turaren yana aiki ke nan.

Abin da ya tunzura ni ƙarya ce guda ɗaya. Akwai wani dattijon Buzu, Aghali, mai garka, wato lambu, a bakin ƙoramar Telwa, wanda tun zamanin surukina gidanmu ke yi masa aikin azurfa da na fata. Ya zo karɓar jakar raƙumi da na ɗinka masa, ya ce a yi masa sallama da Malam. Ina bayan ƙofa na ji Yaya ya ce ai ya yi tafiya. Mijina yana kwance taku goma daga inda suke tsaye, an mayar da shi wanda ba ya nan. Wallahi ban san sanda na fito ba, ko mayafi ban gyara ba. Na ce wa Aghali Malam bai je ko'ina ba, yana ciki ba shi da lafiya, wata uku ke nan, rabonsa da ganin rana kuwa mako biyar. Dattijon ya ce motar da ke kawo masa albasa kasuwa takan koma wayam, in ana so a kai shi garka ya sha iska, gobe da hantsi za ta tsaya a bakin lungu.

Da ya tafi Yaya ya juyo kaina.

“Da izinin wa za ki fitar da shi?”

“Da izinin mai jikin, Yaya. Zan tambaye shi, in ya ce a'a na haƙura.”

Na shiga na tambaye shi a gaban wansa. Kansa dama rawa yake, don haka na ce ya faɗa da baki. Ya ce yana son ya ga ganye. Washegari na naɗa masa rawani da hannuna, na fito da shi ta ƙofar gaba da rana tsaka, ba ta baya ba kamar yadda gwaggo ta roƙa. Matan lungu suka leƙo. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, da sunansu, don su san na gan su.

Lokacin sanyi ne, garka ta yi kyau har ta gaji. Alkama ta yi kai, albasa layi-layi, ga rumman ga dabino, ruwa yana gudu a ƴan hanyoyinsa daga rijiya. Aghali ya shimfiɗa mana tabarma a inuwa ya ɗora shayi da kansa. Can gefe akwai mutum biyu suna ban ruwa, namiji da mace, baƙaƙe dogaye, ka gan su ka san ba ƴan nan ba ne. Aghali ya ce mutanen Burkina ne, ƴan ƙabilar Mosi, sun dawo daga wurin haƙar zinariya hannu wofi, ya ɗauke su aiki. Sunan mijin Zozef, matar kuma Polin. Na hangi ɗan gicciyen katako a wuyanta, na ja tabarmata na ƙara matsawa. Na faɗi wannan don gaskiya ce, ba don ina alfahari da ita ba.

Aka miƙa wa Malam finjali. Ba a ƙin shayin mai gida, ya karɓa. Kafin ya kai baki rabi ya zube a rigarsa. Aghali ya juya yana kallon kan dabino kamar an ce masa wani abu zai faɗo. Irin kirkinmu ke nan, mu da Buzaye duka, in mutum ya ji kunya sai ka nuna ba ka gani ba. Wata uku duk mai son Malam abin da yake yi masa ke nan. Aka sake cikawa, ya sake zubewa. A na uku finjalin ya suɓuce ya faɗi a ƙasa.

Shi kuwa Zozef ya ajiye fartanya ya tsaya yana kallo, kallo na ƙurilla, irin wanda a wurinmu ko yaro ya yi sai an ranƙwashe shi. Sai ga shi ya taho, ƙafafu duk laka, ya tsuguna gaban Malam, ya janye masa rawani daga baki, ya sa yatsa ya ja leɓensa ƙasa yana duba dasashi. Bakin dattijo, a gaban matarsa! Mafici ne a hannuna, na sauke masa shi a wuyan hannu da duk ƙarfina, na ce ya cika shi. Bai yi fushi ba. Ya miƙo mini hannuwansa biyu, ya buɗe yatsu. Suna rawa. Ba kamar na Malam ba, amma rawar iri ɗaya ce. Ya buɗe bakinsa, haƙoran ƙasa babu huɗu. Sannan ya dubi Malam ya yi magana da gurguwar Hausar da ya koyo a bakin rami.

“Baba, kana ƙona zinariya?”

Malam ya sunkuyar da kai. Aghali yana nan, baƙi suna nan, maganar kuma ba ta fita daga maƙera. Na ji shirun asibiti yana son ya sake kama ni.

“Yana ƙonawa,” na ce. “Shekara biyu, ƙofa a rufe.”

Polin ta zo ta zauna a kan tabarmar da na janye, ba ta nemi izini ba. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, ita ma haka, sai muka haɗa ɗan Faransancinmu da Hausarta muka fahimci juna. Ta ce Zozef ne mai ƙona wa ƴan raminsu dunƙule, tun a ƙasarsu. Da ya fara zubar da yawu da faɗa ba dalili, wani likita a can ya gaya musu hayaƙin zaiba ne, hayaƙin da ba a gani, ba a jin warinsa. Ya daina, ya samu sauƙi, talauci ya sake mayar da shi rami a nan, sai da ta ce ko ya bari ko ta koma gida ita kaɗai. Ta tambaye ni inda Malam yake kwana yanzu. Da na gaya mata, ta dafe kai da hannu biyu. Ta ce abin yana shiga bango da tabarma da tufafi, duk sanda ɗaki ya ɗumama sai ya sake tashi. Mu kuwa mun kwantar da shi a ciki, muna hura masa mangal safe da yamma.

Ta miƙe ta shiga cikin alkama, ta yanko kara guda, ta busa ta ga ya huje. Ta kife turmi a gaban Malam, ta ɗora finjali a kai, ta tsoma karan, ta nuna masa ya sunkuyo kawai. Ya sunkuya ya ja. Ya shanye tas, ba a riƙe masa ba, ba ɗigo ɗaya a riga. Rabonsa da kai wani abu cikinsa ba da hannuna ba har na manta. Ya ɗago yana murmushi da leɓen nan mai rawa, ya ce wa Aghali a ƙaro na biyu. Ni kuwa na juya baya na yi kukana.

Yini ɗaya muka zo yi, muka yi kwana goma sha biyu. Polin ta ce in na mayar da shi ɗakin nan, ni na kashe shi, haka ta faɗa ba kwana-kwana. Bukkarsu guda ce, suka kwashe ƴan kayansu suka bar mana, suka koma ƙarƙashin rumfar injin ruwa, cikin sanyin nan. Na yi ta roƙo su bari mu ne za mu kwana a rumfar, Zozef ya yi kamar Hausarsa ta ƙare. Ya sa aka tuɓe wa Malam duk tufafin da ya zo da su, ya ba shi wandonsa na zuwa coci, wanda ya yi masa tsawo sai da aka naɗe ƙafafun. Polin ta lura ina ɗari-ɗari da tukunyarta. Ta ɗauke ta ta je bakin ruwa inda zan gani, ta darje ta da yashi har sau uku, ta kawo ta ajiye a gabana ta ce ni zan riƙa girki, ita za ta kawo ganye. Na ji kunya ƙwarai. Ta naɗa wa cokali tsumma har ƙotarsa ta yi kauri, da shi Malam ya koma ci da kansa, ko da rabin yana komawa kwano.

Kowace safiya Zozef yakan ja shi cikin garka, ya ba shi aikin buɗe wa ruwa hanya da toshe ta da ƙafa. Sai ka hango su, masu rawar hannu biyu, ɗaya da rawani ɗaya da hular leda, suna gardama a kan wane fangali ne ya ƙoshi. In lokacin salla ya yi Zozef ne ke tuna masa, ya zuba masa ruwan alwala don buta tana kuɓuce masa. Barci ya dawo a kwana na huɗu. Yawu ya ragu, faɗan ya kwanta. Yaya ya aiko sau biyu a dawo da shi, sau biyu na ce a gaida Yaya. Hannun dai yana nan yadda yake.

Ranar da za mu tafi Polin ta yagi takarda ta rubuta da Faransanci abin da likitan ƙasarsu ya gaya musu, ta ce in ba likita kafin in buɗe baki. Na cusa mata ɗan abin da ke bakin zanena, ta mayar mini da shi cikin jakata, ta ɗora albasa a kai.

Daga garka asibiti muka wuce kai tsaye. A wannan karon Allah ya haɗa mu da wata likita ƴar gajera mai tabarau. Ta karanta takardar, ta sa Malam ya ja layi a kan farar takarda, ta duba bakinsa, ta yi tambayoyin da da an yi su tun zuwan fari da ba mu kai haka ba. Ta kira abin da sunansa na Faransanci, merkir. Ta ce awonsa da maganinsa sai Yamai. Maganarta guda ta zauna mini har yau: “Madam, abin da ya samu jiki zai iya komawa. Abin da ya samu jijiya, ban yi miki alkawari ba.” Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba. Na sayar da awakina muka hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai, aka yi awo, ya tabbata, aka ba shi wasu ƙwayoyi na makonni. Wahalar hanya da ta layin can ba zan tsaya ba da labarinta ba, ta isa littafi.

Da muka dawo gida na sa aka ɓalle ƙofar maƙera, aka fasa tagar ta zama babba, aka kankare bango, aka kwashe ƙasar daɓe da tabarmi da mangal aka kai nesa da gari aka binne. Har yau ba mai kwana a ɗakin. Saura uwar maƙera, ƴar ƙarama ce a kafe cikin guntun itace. A gidan su Malam mace ba ta taɓa ta, leburorin da na ɗauka aikin ma da suka ji haka suka ja baya. Na tattare zane na rungume ta na fito da ita tsakar gida, na dire ta a ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa. Yaya ya ce na keta abin da ba a taɓa ketawa ba, albarka ta bar gidan. Na ce masa wanda ya ajiye a ɗakin nan mako biyar shi ya kusa barin gidan, kuma ba albarka ce ta fitar da shi ba, ni ce. Wata biyu bai amsa gaisuwata ba. Ban fasa gaishe shi ba, ban kuma ba shi haƙuri ba.

Mahaƙa suka ci gaba da zuwa da ƙullinsu a bakin wando. Ni nake tare su a zaure. Ina gaya wa kowa abin da ya faru, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Wasu suka saurara, wani ya ce bai zo jin wa'azin mace ba. Na ce ya buɗe baki in ga dasashinsa, ya juya ya tafi. Ku da kuke karanta wannan, in kun ji mutum yana cewa abinci yana ɗanɗanon ƙarfe, yana jiƙa matashi, halinsa ya canza, to ku tambayi abin da yake ƙonawa. Ku fitar da shi daga ɗakin a ranar. Ku gaya wa likita gaskiya ko da sirrin wane ne.

Bayan an cire albasa na ɗinka jaka mai kyau na koma garka. Na tarar da bukkar babu kowa. Aghali ya ce sun tara kuɗin mota sun koma ƙasarsu, shi ya kai su tasha. Ban san sunan garinsu ba, ban karɓi lambarsu ba. Mutumin da ya gano ciwon mijina, abin da ya samu daga hannuna shi ne dukan mafici. Ina yi musu addu'a bayan kowace salla, wanda ya ga ba daidai ba ne ya zo ya hana ni.

Yanzu wata takwas ke nan. Malam yana naɗa rawaninsa, yana riƙe finjali da hannu biyu, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Yana iya narka azurfa ya zuba. Zane ne ya ƙi. Kowace safiya sai ya zauna a rumfa ya ɗauki kurfi, ya ɗora a kan guntun azurfa, bakin kurfin ya yi ta tsalle, ya ajiye. Na daina ce masa gobe zai fi, don mu duka mun san abin da likita ta faɗa.

Ran nan ya ce in ajiye fata in zo in zauna a wurinsa. Ya sa mini kurfi a hannu. Ya ce mai iya zane a kan fata ba za ta rasa hanya a kan azurfa ba. Shi yake nuna inda layi zai tashi da inda zai tsaya, ni nake ja. Kai, ban taɓa sanin mijina masifaffen malami ne ba sai a kwanakin nan. Abin wuya guda ɗaya, sau uku yana sa ni in mayar da shi wuta. A na huɗu ya juya shi a rana, ya daɗe yana dubawa, bai sami aibi ba.

Kowane maƙeri yana da ɗan hatimin ƙarfe da yake buga sunansa a bayan aikin da ya yarda da shi. Na ɗauko nasa, na daidaita a bayan abin wuyan, na ɗaga guduma. Sai ya kama wuyan hannuna, ina jin rawar yatsunsa har cikin ƙashina.

“Kada ki buga, Mariyama. Wannan ba aikina ba ne. Nawa ya ƙare.”

Shekara ashirin da huɗu ban taɓa ƙaryata shi a gaban idonsa ba.

“Ƙarya kake, Malam,” na ce. “Wa ya ga layin kafin in ja shi?”

Bai sake ni ba. Na sauke gudumar a kan hatimin, hannunsa yana kan nawa.